Tsaron gida da rumbu a Damargu

Damargu, wato yankin Tanut da Balbeji a arewacin jihar Damagaram, ta daɗe tana ciyar da Abzin da hatsi. A ƙarni na 19 ayarin da ke tsakanin Kano, Damagaram da Agadas ta nan yake ratsawa, Buzayen Kel Owe suna sayen gero su loda wa raƙuma. Dukiyar manomi tana cikin rumbu, don haka tsaron gida a nan tsaron rumbu ne.

Ana jera rumbuna a gefen gari saboda tsoron gobara, amma nisan nan ya sa ba a jin motsin ɓarawo daga ɗaki. Sai aka dogara da shingen ƙaya da kuma kare. Malaman mazhabar Malikiyya sun halatta ajiye kare don gadin gona da garke, muddin ba a mayar da shi ɗan ɗaki ba. Zabi ma suna taimakawa, domin baƙon abu ba ya gilmawa su yi shiru.

Wahalar ita ce rarrabe ƙarar gaskiya da ta banza. Kare yana yi wa dila haushi, yana yi wa akuyar da ta tsinke igiya. Mai gidan da aka tasa sau uku a banza ba ya fita a karo na huɗu, kuma daren nan ɓarawo yake jira. Maganin da mutane suka samo shi ne tsara wuri: a kafa turken awaki nesa da rumbu, a ɗaure kare ta inda mutum zai iya shigowa. Tsofaffi kuma sun san bambancin haushin dabba da haushin mutum, ilimin da ya cancanci a girmama shi.

Yanzu kasuwanni sun cika da fitilu masu cajin rana da ke kunna kansu idan abu ya gilma. Na'urar cikinsu zafin jiki mai motsi take ji, ba ta san mage ba, ba ta san mutum ba. Shi ya sa ake kafa ta sama, kimanin mita 2 daga ƙasa, a juya ta ga barin turke da katangar da mage ke hawa, a kuma nisanta ta da murhu.