Kafa Dokoki da Tsarin Aji Tare da Ɗalibai

Ma'ana

Dokar aji ita ce halin da ake bukata daga kowane ɗalibi a kowane lokaci, kamar girmama juna. Tsari kuwa shi ne hanyar yin wani aiki guda, kamar yadda ake shiga aji ko karɓar littattafai. Ya kamata malami ya san bambancinsu: wanda ya karya doka horo ake yi masa, amma wanda ya manta tsari sake koya masa ake yi.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 1970 wani masani a Amurka, Jacob Kounin, ya wallafa sakamakon nazarin da ya yi a kan azuzuwan da aka ɗauka a bidiyo. Ya gano cewa malaman da ajinsu ke da natsuwa ba su fi sauran iya tsawatawa ba. Inda suka fi su shi ne hana rigima tun kafin ta tashi, domin idonsu yana kan dukan aji, kuma ba sa barin yara zaune ba aikin yi. A 1980 kuma Emmer da Evertson da Anderson suka bi malaman aji uku na firamare a jihar Teksas. Waɗanda suka ba da lokaci a makonnin farko suna koyar da dokoki da tsari, kamar yadda ake koyar da kowane darasi, su ne suka fi samun aji mai natsuwa daga baya. Wato rigakafi ya fi magani.

Yadda ake kafa dokoki

1. Malami ya fara yanke abin da ba zai taɓa yarda da shi ba, kamar duka da zagi. Wannan ba na muhawara ba ne.
2. Ya tambayi yara abin da ke hana su koyo a aji. Su da bakinsu za su ambaci surutu, ba'a da ƙwace kayan wani.
3. A haɗa amsoshin su zama dokoki uku zuwa biyar. In sun yi yawa, malamin ma ba zai tuna da su ba.
4. A faɗi abin da za a yi. "Ɗaga hannu kafin ka yi magana" ya fi "Kada ka yi surutu", domin ya nuna wa yaro hanya.
5. A rubuta a manna a bango, a kuma sanar da iyaye.

Amfanin sa yara a ciki shi ne, dokar da yaro ya sa baki aka kafa, da wuya ya ce an zalunce shi da ita.

Yadda ake koyar da tsari

Yawancin hargitsi yakan tashi ne a tsakanin aiki da aiki: lokacin shigowa, rabon kaya, neman izinin zagayawa, da tashi. Kowanne yana bukatar tsarinsa. Malami ya bayyana, ya nuna da kansa, sa'an nan yara su gwada har ya zame musu jiki. A zaɓi alama ɗaya ta yin shiru, kamar tafi sau uku, kada a riƙa canza ta. A makarantar Lahadi, inda ake haɗuwa sau ɗaya a mako, kuma manya da ƙanana sukan zauna tare, a tuna musu tsarin a farkon kowane zama, a ba manyan aikin taimaka wa ƙanana.

In an karya doka

A sanar da horon tun da wuri, ya kuma dace da laifin. Wanda ya zubar da shara ya share. Wanda ya hana maƙwabcinsa karatu a sauya masa wurin zama. A fara da kallo, sai matsowa kusa, sai magana a keɓe, kafin a kai ga iyaye. Kunyata yaro a gaban 'yan'uwansa yakan sa shi shiru ranar, amma yakan bar masa ƙiyayyar aji.

Abin da ya fi rushe doka shi ne son kai. Ranar da aka ƙyale ɗan wani babba aka hori ɗan talaka a kan laifi ɗaya, yara sun gane cewa takarda ce kawai a bango. Haka kuma malamin da ya kafa dokar zuwa da wuri, dole shi ya riga kowa isowa.