Ruwan Bedi: Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gida

A Urno da ƙauyukan kewayenta, in masassara ta kama mutum da damina, abu na farko shi ne a tsinko ganyen bedi a tafasa. A sha kaɗan, a yi surace da sauran. Ka tambayi kowa, zai ce maka maganin kaka da kakanni ne. Ni kuwa sunan itacen ne ya sa ni shakka.

Sabara sabara ce daga Madawa har Kano. Haka geza, haka tsamiya. Amma wannan itace, mu mu ce bedi, Kanawa su ce darbejiya, wasu maina, wasu dogon yaro. In abu ya zo da sunaye barkatai haka, galibi baƙo ne, kowane gari ya raɗa masa suna ranar da ya iso. Dogon yaro ma ai ba suna ba ne, kirari ne: yaro ne a shekaru, ga shi ya fi manyansa tsawo.

Asalinsa Indiya ne da Bama. A zamanin Turawa aka kawo shi Afirka ta Yamma don inuwa da itacen wuta. Yawansa a Adar kuwa na jiya-jiya ne. Bayan farin 1973 zuwa 1974, iska tana kwashe ƙasar gonaki a kwarin Majiya, wajen Buza. A 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa bedi layi bibbiyu, tsakanin kowane jeri mita 100, don tare iska. Aikin Keita, da kuɗin Italiya, ya biyo a 1984. Ba wanda ya dasa shi don magani. Mata ne suka ɗanɗana ganyen, suka ji ɗaci, kuma a wurinmu ɗaci shaidar magani ce. Tukunyar da ake dafa sabara don ciwon ciki da mai jego, ita ce ta karɓi bedi.

Ku lura, ba ma ce masa shayi. Shayi kalmar Larabawa ce, shi ake sha da sukari a majalisa. Wannan jiƙo ne, ko dauri in na jinjiri ne. Geza da muke yi wa kallon itacen daji, a Sanagal ita ce kinkeliba, shayin karin kumallo.

Abin da ke damuna shi ne kalmar nan “na gargajiya”. Da zarar an laƙa ta, gardama ta ƙare. Yaro ya kwana uku da zafin jiki a watan Satumba, ana ta ɗura masa ruwan bedi, ba a je likita an gwada jini ba, don wai iyayenmu da shi suka rayu. Iyayen nan da yawansu sun girmi bedin da ke ƙofar gidansu.