Asalin Rubuta Sunan Masu Gudummawa a Jikin Jiragen Yaƙi

In ka duba tsofaffin hotunan jiragen saman yaƙi, za ka ga waɗansu da rubutu a gefensu, sunan wani gari ko wani sarki ko wata ƙungiya, wani lokaci har da lamba a biye. Mutane da yawa sukan zaci matuƙin jirgin ne ya yi wa abinsa ado. Ba haka ba ne. Adon matuƙa daban, wannan daban. Wannan hukuma ce ke sa a rubuta, don a san waɗanda suka tara kuɗin jirgin. Irin wannan shi ake kira jirgin gudummawa.

Abin ya faro ne tun jirgin sama yana jariri. A shekarar 1912 aka buɗe asusun neman taimakon jama'a a Faransa da Jamus da Italiya da Daular Usmaniyya, kowace ƙasa tana gudun kada maƙwabciyarta ta riga ta mallakar sararin sama. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai Ingila ta tsara abin sosai, ta yanka farashi. Fam 1,500 ya sayi ƙaramin jirgin leƙen asiri, fam 2,250 ya sayi mai ɗauke da bindiga. Duk garin da ya cika kuɗin, sai a ɗauki fenti a rubuta cewa mutanen wuri kaza ne suka bayar. In sun ƙara wani, a sa masa lamba ta biyu, haka har abin da hali ya yi. Kuɗi suka yi ta zuwa daga ƙasashen da Ingila ke mulka, kamar Malaya da Ostireliya da Indiya.

To, ga inda hikimar take. Ba wai ana ƙera jirgi musamman da kuɗin mutanen ba ne. Kuɗin baitulmali suke shiga, sai a zaɓi ɗaya daga cikin jiragen da suka fito daga masana'anta a liƙa masa sunan. Jirgin wancan zamani kuwa katako ne da zane da waya, ba ya daɗewa a fagen fama. Saboda haka in an harbo shi, sau da yawa sai a mayar da sunan jikin wani sabo. Wannan dabara ce mai kyau, don wanda ya ba da guminsa bai kamata a ce masa kyautarsa ta ƙone cikin mako biyu ba.

Nizam, sarkin Haidarabad ta Indiya, shi ya yi kyautar da ta fi fice. A 1918 ya biya kuɗin jiragen runduna guda, aka raɗa wa Runduna ta 110 ta sojan saman Ingila sunan Haidarabad. Kowane jirgi da sunan sarkin da lambarsa a jiki. Da aka zo kan na 13, camfin Turawa ya hana a rubuta lambar, sai aka sa 12A. Wannan jirgin ya faɗa hannun Jamusawa a watan Oktoba na 1918, ya zauna a Balin, daga nan Folan, kafin a mayar da shi Ingila. Yau yana gidan tarihin sojan sama da ke Landan.

Japan ta ɗauki al'adar wajen 1932, da nata sunayen. Jirgin da aka ba sojan ƙasa ana rubuta masa Aikoku, wato ƙaunar ƙasa, na sojan ruwa kuma Hokoku, wato yi wa ƙasa hidima, sannan lamba da sunan mai bayarwa.

A 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Ingila, aka farfaɗo da abin da Asusun Spitfire, wato asusun sayen jirgin yaƙi samfurin Spitfire, a zamanin da Lod Bibaburuk ke ministan ƙera jirage. Aka yanka fam 5,000 kan jirgi ɗaya, ko da yake ainihin kuɗinsa ya fi haka. Don kada talaka ya ga an bar shi a baya, har kayan jikinsa aka yi wa farashi: fiffike fam 2,000, bindiga fam 200, filogi sule takwas, ƙusa sisi. Matan da ake kira Doroti ma sun haɗa kai sun sayi nasu, aka sa masa sunansu. A wannan karon rubutun ya zama ƙarami, kusa da mazaunin matuƙi, yadda ba zai ɓata launin ɓad-da-kama ba.

Ƙasashenmu ma sun sa hannu a aljihu a Yaƙin Duniya na Biyu. Dalilin da ya sa ke nan Runduna ta 91 ta sojan saman Ingila ta ɗauki sunan Nijeriya, Runduna ta 218 kuma ta ɗauki sunan Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana a yau.