Awon Albarushi: Yadda Harsashi Ya Fi Ƙarfin Maƙeran Kano

Kafin a shimfiɗa titin jirgi, Fagge zango ce. A bayan ganuwar Kano ayarin Buzaye ke sauke raƙuma, ɗauke da gishirin Bilma da hajar da ta ratso Sahara. A cikin kayan fataucin ƙarni na 19 akwai wanda sarakuna suka fi sa wa ido, wato bindiga da albarushi.

Bindigar da ta fara yawaita ita ce adaka, wadda ake ɗurawa ta baki. Turawa na kiran ta da sunan mutanen Denmak, waɗanda suka yi cinikinta a gaɓar tekun Ankara. Adaka ba ta da tsaurin sharaɗi. Maharbi kan auna albarushi da tafin hannu, ya tura da sanda, ya duba yawan ɗurin da yatsunsa. Dalma ko guntun ƙarfe duk suna shiga. Idan ƙanƙara ta cinye a sauya ta, idan kunama ta karye maƙeri ya ƙera wata. Shi ya sa ta zauna daram a ƙasar Hausa. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a Zinder. A Kano kuwa bindigogin fada suna hannun manyan bayin sarki irin su Shamaki, Ɗan Rimi da Sallama.

Sai Turai ta sauya tsarin. Bindigogi irin su Snider, Martini-Henry da Gras ana ɗura su ta baya, da harsashi mai kwanson tagulla wanda ya haɗa albarushi, dalma da ƙyastu wuri guda. Kwanson yakan buɗe idan an harba, don haka kafin a sake cika shi dole a matse shi a cikin wani zubin ƙarfe da aka sassaƙa daidai da cikin bindigar. Kowace bindiga da nata zubin: na Gras ba ya yi wa Martini-Henry. Da Bafaranshe Paul Vieille ya fito da albarushi marar hayaƙi a 1884, awon yatsa ya tashi daga aiki, domin ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi, kuma ɗan ƙari kaɗan na iya tarwatsa bindiga. Sikeli ya maye gurbin tafin hannu, ana awo da ƙwayar da sai an tara 7,000 kafin a sami laba ɗaya.

Turawa sun gane inda gizo ke saƙar. Yarjejeniyar Burasels ta 1890 ta taƙaita shigar da bindigogin zamani da harsasansu cikin mafi yawan Afirka, amma ta bar ƙofa ga adaka da albarushin kasuwa. Sarkin da ya sami bindigar zamani ta hannun fatake sai ya tarar harsashi ya fi ta wuyar samu. Wasu sun yi ƙoƙarin cike giɓin. Maƙeran Samori Ture sun kwaikwayi ƙirar Gras, dakarunsa kuma suna tsince kwansuna bayan yaƙi domin a sake cika su. Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893, ya ajiye masu gyaran bindiga da haɗa albarushi a Dikwa. Sai dai aikin hannu bai iya cimma masana'anta ba. An kama Samori a 1898, aka kashe Rabeh a Kusuri a 1900. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta shiga Kano da igwa da bindigar Maxim, lokacin Sarki Alu yana kan hanyar Sakkwato. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a wancan zamani. Abin da ya bambanta rundunonin shi ne, kowane harsashin Turawa daidai yake da ɗan'uwansa.

Titin jirgi ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913, kantunan Turawa da na Kwara suka kewaye Fagge. Daga nan makami ya daina zuwa a bayan raƙumi, ya koma hajar lasisi da rajista. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ko gyara bindiga da harsashi ba tare da izinin hukuma ba, sannan a 1964 aka kafa masana'antar kayan tsaro ta DICON a Kaduna. Zubi da sikeli suka zama kayan gwamnati.

Adaka dai ta rayu a hannun mafarauta, 'yan sintiri da 'yan bindigar sarki, waɗanda amonsu ke girgiza Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe. Har yau da ido da yatsa ake ɗura ta, kuma duk tsohon maharbi ya san wanda ɗurin ganganci ya raba da yatsunsa. Masu kira da a bar al'umma ta ƙera makaman kare kanta daga ɓarayin daji suna fuskantar tambayar da ta gagari Samori da Rabeh: wa zai riƙe ma'aunin, wa kuma zai ɗauki alhakin idan awo ya kuskure?