Tarihin Gano Mahaɗan Ƙwayoyin Halitta a Jikin Dabbobi

Mahaɗan ƙwayoyin halitta su ne wuraren da ƙwaya ke manne wa maƙwabciyarta a fata, hanji, zuciya da sauran sassan jiki. Wasu riƙo ne aikinsu, wasu toshe tsakani don kada ruwa ya zurare, wasu kuma ƙofa ce da saƙo ke bi daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Littattafan makaranta sukan fara labarin daga 1963, alhali ya girmi haka da kusan shekara 100.

Giulio Bizzozero, likita ɗan Italiya, shi ya fara bayanin wasu ɗige-ɗige masu kauri tsakanin ƙwayoyin fata. Wasu marubuta na sa 1864, wasu 1870, amma 1864 ce shekarar da ya fara ganinsu, ita ta fi cancanta. Josef Schaffer na Biyana ya raɗa musu suna desmosom a 1920. An daɗe ana zaton gadoji ne da ruwan cikin ƙwaya ke ratsawa, sai a shekarun 1950 madubin ilektiron ya nuna cewa kowace ƙwaya na da bangonta, desmosom kuwa tamkar maɓallin riga ne da ke haɗa ɓangare biyu.

A 1963 Marilyn Farquhar da George Palade na Cibiyar Rockefeller a Amurka suka duba shimfiɗar hanji da wasu sassan jikin ɓeraye, suka ga mahaɗai uku jere: mai toshewa a sama, ɗamarar riƙo a tsakiya, desmosom a ƙasa. Aikin ya cancanci yabon da ake masa. Sai dai bai warware batun mahaɗi mai ƙofa ba, kuma a nan ne labarin ya fi rikicewa.

Masu auna lantarkin jiki sun riga masu madubi. Tun 1952 Silvio Weidmann ya nuna cewa lantarki na tafiya a zaren tsokar zuciya nisan da ya wuce tsawon ƙwaya ɗaya. A 1959 Edwin Furshpan da David Potter suka tabbatar da cewa a jijiyar jatan lande na ruwan daɗi saƙo na tsallakawa kai tsaye, ba tare da sinadari ba. Werner Loewenstein da Yoshinobu Kanno suka zuba rini mai ƙyalli cikin ƙwaya ɗaya ta gaɓar da ke samar da yawun ƙuda a 1964, rinin ya bazu zuwa maƙwabta. Ke nan akwai ƙofa, amma a madubi ba a iya bambance ta da mahaɗi mai toshewa, har masana da dama suka ɗauka abu ɗaya ne. Jean-Paul Revel da Morris Karnovsky ne suka raba gardama a 1967: sun jiƙa naman zuciya da hanta da sinadarin lantanom, ya kutsa wata rata mai faɗin kusan nanomita 2 da ba ta samuwa a mahaɗi mai toshewa, ya fito da zanen gida-gida mai kusurwa shida. A shekarar kuma Karnovsky da Thomas Reese suka nuna cewa mahaɗi mai toshewa ne ke tsare ƙwaƙwalwa daga abin da jini ke ɗauke da shi. Duk mai neman shekara ɗaya da fannin ya tsaya da ƙafarsa, 1967 ba ta gaza 1963 ba.

Daga nan aka koma neman furotin da suka gina mahaɗan. Daniel Goodenough ya sa wa na mai ƙofa suna koneksin a 1974. A Japan, Masatoshi Takeichi ya gano kadherin, furotin riƙo da ke buƙatar kalsiyam, ɗakin binciken Shoichiro Tsukita kuma ya fito da okuludin a 1993 da kulodin a 1998.

Binciken ya iso Afirka ta Yamma ta hanyar kurumta. A 1997 aka danganta lalacewar koneksin 26 da kurumtar gado, a 1998 kuma George Brobby da abokan aikinsa suka gano wani sauyi a ƙwayar gadon da ke samar da wannan furotin a ƙauyen Adamorobe da ke Gabashin Gana, inda kurame suka yi yawa har garin ke da nasa yaren hannu.