Yaƙi daga Bakin Wa? Finafinan Tarihin Japan da Aikin da Ke Jiran Difa

Yaƙin Duniya na Biyu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma sun gwabza da Japanawa a dazuzzukan Bama a 1944 da 1945, kuma har yau akwai barikin Chindit a Zariya, mai ɗauke da sunan wata rundunar yaƙin Bama. Amma yawancin mazan jiyan nan sun koma ga Mahalicci ba wanda ya naɗi muryarsu. Abokan gabarsu kuwa sun samu masu saurare, kuma yadda aka saurare su shi ne batun wannan maƙala.

Fim ɗin tarihi daga ɓangaren Japan yana samun daraja ne idan ya tuhumi gida. A fim ɗinsa na 1939 Kamei Fumio ya bi sojojin ƙasarsa zuwa Sin, ya ɗauko gajiyarsu da kufan ƙauyukan da suka ratsa. Hukuma ta hana nuna fim ɗin, a 1941 aka kama shi. A fim ɗinsa na 1987 Hara Kazuo ya bi wani tsohon soja, Okuzaki Kenzo, gida-gida yana titsiye tsofaffin manyansa kan sojojin da aka harbe a Nugini bayan an gama yaƙi. A 2017 tashar NHK ta tone yaƙin Imphal na 1944, inda Janar Mutaguchi Renya ya tura mayaƙa cikin tsaunuka ba isasshen guzuri, kimanin 30,000 suka mutu, da yawansu saboda yunwa da cuta.

Akwai masu cewa sauraron wanda ya tada yaƙi wanke shi ne. Tsoronsu yana da tushe, domin fim ɗin da ya yi kukan Hiroshima ya yi gum kan kisan Nanjing na 1937 rabin gaskiya ya faɗa. Sai dai maganin haka shi ne a ƙara muryoyi, a kuma bi kowace da tambaya.

Wannan ne aikin da ke jiran jihar Difa ta Jamhuriyar Nijar. Tun harin Boko Haram a Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015, labarin kwarin Kumadugu yana fitowa galibi daga sanarwar soja, da bidiyon farfagandar mayaƙan, da rahoton ƙungiyoyin agaji. Daren 12 ga Disamba 2020 an kashe aƙalla mutum 27 a Tumur, an ƙone kasuwa da ɗaruruwan gidaje. Waɗanda suka tsira su ne shaidu na farko. Bayansu sai manomin tattasai da masuncin da dokar ta-ɓaci ta tsayar da sana'arsu, da mutanen tsibiran Tafkin Cadi da aka tasa a Mayun 2015, da ƙaramin soja, har da tubabbun mayaƙan Boko Haram da suka ratsa cibiyar Gudumariya. A tambayi tubabbe wa ya ja shi, wa ya ba shi umarni, me ya aikata, domin iyalan mamata suna da haƙƙin jin amsar.

Jami'ar Difa da gidajen rediyon karkara za su iya fara naɗar waɗannan shaidu da Barbarci da Fulatanci da Hausa, tare da sakaya sunan duk mai fargaba. NHK ta tarar da tsofaffi ƙalilan bayan shekara 73. Shaidun Tumur suna raye yanzu, kuma yanzu ya kamata a je gare su.