Dalilan Ƙaurace wa Dandalin X a Yammacin Zamfara

Dandalin gajeren rubutu, wato kafar intanet da ake wallafa saƙo mai ƙayyadadden tsawo domin kowa ya karanta, irin Twitter da aka sauya wa suna zuwa X a 2023, bai samu gindin zama ba a ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, duk kuwa da cewa ya taɓa yi wa yankin rana. Bayan gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan masu haƙar zinare ta halaka yara kimanin 400, gangamin neman ceto Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan, wanda matasan ƙungiyar Follow The Money suka jagoranta a dandalin daga Abuja, ya taimaka wajen matsa wa gwamnatin Goodluck Jonathan lamba har ta saki kuɗin tsaftace garin a farkon 2013. Sai dai galibin masu rubutun ba mazauna Bagega ba ne, arar bakinsu aka yi.

Akan ɗora alhakin wannan ƙauracewa a kan talauci da rashin sabis, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sannan a Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Amma wannan hujja ba ta gamsar ba, tunda matashin da bai taɓa buɗe X ba shi ne yake sayen data domin WhatsApp da TikTok.

Dalili mafi ƙarfi yana cikin tsarin dandalin kansa, wanda aka gina a kan rubutun boko, kuma Turanci ya mamaye muhawarar Nijeriya a cikinsa, alhali manomi ko ɗan tireda da ya tashi a makarantar allo ya fi samun sauƙin danna waya ya naɗi muryarsa, ya fara da sallama da gaisuwa kafin ya shiga batu. Akwai kuma tsoro, wanda masu nazari daga birni kan yi wa riƙon sakainar kashi. A yankin da ake zargin 'yan bindiga suna da masu kai musu tsegumi, waɗanda ake kira infoma, wallafa labarin hari ko na kuɗin fansa a bainar jama'a kasada ce ga mai rubutun da iyalinsa, shi ya sa irin wannan labari yakan tsaya a zauren WhatsApp na dangi ko na 'yan gari, inda aka san mai kowace lamba.